Shekara shida na koyarwa a Filato: in haɗe su ko in yi shiru?

Habu Mararaba: Assalamu alaikum jama'ar gida. Ina da damuwa, kuma na san a gidan nan akwai waɗanda suka ga jiya suka ga yau. Na fara koyarwa a wata firamare ta ƙaramar hukuma a Filato a Janairun 1991, ina ɗan shekara 18. Na yi shekara shida cif. Ƙarshen 1996 na gaji da jiran albashi, na rubuta takardar ajiye aiki, na koma rumfar yayana a kasuwar Taminus ta Jos ina sayar da yadi. Shekara biyu ina can, sai Allah ya kawo aikin tarayya, na kama a Janairun 1999. An haife ni a Oktoban 1972, saboda haka lissafina kullum shi ne sai Oktoban 2032 zan yi ritaya, in na cika 60. Jiya wani abokin aiki ya ce in nemi a haɗe mini shekaru shidan nan, wai kuɗin fanshona na shekarun baya zai ƙaru sosai. Wallahi kwana na yi ina juyi. In aka haɗe, shekara 35 ɗina na aiki, wadda ita ma ke kai mutum ritaya, ta cika a Janairun 2028 ke nan. Ina da yara biyu a jami'a, autata tana aji uku a sakandare. Ku ba ni shawara don Allah.

Sani Kubwa: Wa alaikumussalam. Oga haɗe kawai ka je ka huta, mu ma mu ɗana kujerar. Hhhh.

Maman Khalifa: Kai Sani, bawan Allah na maganar karatun 'ya'yansa kana maganar kujera.

Sani Kubwa: Tuba nake Anti, wasa ne.

Baba Ɗan'azumi: Habu ɗana, abokin aikin nan naka da tsohon zance ya zo maka. A zamaninmu shekara ita ce kuɗi. Na shiga aiki 1971, na fita 2006. Ina cikin waɗanda dokar fansho ta 2004 ta tsame saboda abin da ya rage mana bai wuce shekara uku ba, shi ya sa har yau PTAD, hukumar 'yan tsohon tsarin fansho, ke biyana. Jadawalinmu kuwa har masinja ya haddace shi. In ka yi shekara 5 ka ci giratuti, wato kuɗin sallama. In ka kai 10 ka shiga fansho, kashi 30 cikin ɗari na albashinka na ƙarshe, giratuti kuma albashin shekara guda. Daga nan kowace shekara fansho ya ƙaru da kashi 2, giratuti da kashi 8, har ka kai 35: fansho kashi 80, giratuti albashin shekara uku. To ka ga dalilin da ya sa muke bin kowane wata kamar mai bin bashi. Na san wani dattijo a ofishinmu da ya yi ta zarya tsakanin Legas da Kaduna a jirgin ƙasa kan wata bakwai da ya yi a En'e, wato hukumar gargajiya, tun kafin a yi jihohi, don wata bakwan nan ne za su cike masa shekara. Ya kuma samu. Amma ku naku tsarin ba haka yake ba, kada ka ɗauki ma'aunin gero ka je awon fetur.

Habu Mararaba: Na gode Baba, Allah ya ƙara lafiya. To ke nan babu abin da zan ƙaru da shi?

Hajiya Talatu: Akwai, Malam Habu, amma bari in warware, don shekara 22 ke nan ina sashen kula da ma'aikata kuma kullum mutane na cakuɗa abu uku. Na farko canjin wurin aiki, wato tiransifa: tsohon wurinka ya sake ka da takarda, sabon wuri ya karɓe ka, fayil ɗinka ya biyo ka, ranar kama aikinka ta farko ba ta motsa ba. Na biyu haɗewa, wadda muke cewa maja: ka bar wancan wuri, ka shigo nan a matsayin sabon ɗauka, daga baya ka nemi a ɗinke maka biyun. Na uku yafe giɓi, kondoneshan a bakin 'yan ofis: tsakanin aikin farko da na biyu akwai lokacin da ba ka aikin gwamnati, sai ka roƙi a ɗauke kai daga giɓin don biyun su haɗu. Kai naka biyu ne a haɗe, maja da yafe giɓi, saboda shekara biyun Taminus. Kuma a lura, yafe giɓi ba ya nufin za a ƙirga maka shekarun sayar da yadi. Gada ce kawai. Amincewa kuma ba daga daraktanka take fitowa ba, sai ta bi ta ofishin Shugaban Ma'aikatan Tarayya.

Maganar kuɗi kuma, rayuwar aikinka gida biyu ce. Daga Yulin 2004 zuwa yau, abin da aka zuba a asusunka na fansho da ribar da ya haifa shi ne naka, ko shekara nawa aka rubuta a fayil. Da kashi 7.5 naka, 7.5 na gwamnati, dokar 2014 ta mai da shi kashi 8 naka, 10 na gwamnati. A wannan ɓangaren maja ba ta ƙara maka ko kwabo. Inda take aiki shi ne shekarun kafin nan, haƙƙin baya. Ana duba matakin albashinka da rukuninka a ƙarshen Yunin 2004, da yawan shekarun da ka yi zuwa ranar. Yanzu kana da biyar da rabi. In an haɗe, sha ɗaya da rabi.

Baba Ɗan'azumi: Ya tsallake goma ke nan. A jadawalinmu nan ne bakin kogi.

Habu Mararaba: To Hajiya ai kamar ninki biyu ne.

Bala Akanta: Ninki biyun me? Nan fa ake yi wa mutane rufa-ido. Malam Habu, nawa ne albashinka a Yunin 2004? Kada ka faɗa mana, kai dai tuna. A lokacin mafi ƙarancin albashin tarayya naira 7,500 ne. Da albashin wancan zamani za a auna maka shekara shidan, ko da an yi masa 'yan gyare-gyare. Abin da za ka bayar kuma da albashin yau za a auna shi. Daga Janairun 2028 zuwa Oktoban 2032 wata 57 ne. Mu ɗauka, misali kawai, albashin da ake cire maka fansho a kansa naira 250,000 ne a wata. Wata 57 ya kama naira miliyan 14 da dubu 250. Kashi 18 da zai riƙa shiga asusunka 45,000 ne a wata, wato miliyan 2 da dubu 565, ban sa riba ba, ban sa ƙarin girma ba, ban sa alawus ba. Ka nuna mini shekara shidan malamin firamare da za ta haifi wannan, in bi ka sallah.

Sani Kubwa: Akanta ya kashe boss ɗin. A rufe taro.

Bala Akanta: Ban gama ba. Haƙƙin bayan ma ba lallai ranar da ka fita ka gan shi ba. Doka ta ce gwamnati ta riƙa zuba kashi 5 na jimillar albashin ma'aikata kowane wata a wani asusu a Babban Banki don biyan wannan haƙƙi, amma shekara da shekaru kuɗin bai wadatar ba, mutane suka riƙa yin shekara guda ko fiye a gida, babu albashi babu fansho, ga kuɗinsu a kamfanin fansho suna gani a waya. Shi ya sa a Fabrairun 2025 majalisar zartarwa ta amince a ciyo bashin naira biliyan 758 ta takardun lamuni don share basussukan fansho. To mai yara biyu a jami'a ne zai yi gaggawar shiga wannan layi? Malam Habu, a bar kaza cikin gashinta.

Malam Nura Zuba: Salamu alaikum. Ina ta karantawa ban so in sa baki ba, amma Akanta kalmarka ta ƙarshe ta tayar da ni. Duk lissafin nan an gina shi kan cewa zaɓi ne a hannun Malam Habu, in ya ga riba ya bayyana, in ya ga faɗuwa ya rufe. To idan fa ba zaɓinsa ba ne? In ƙa'ida ta ce shekara 35 ne iyakar abin da mutum zai yi wa gwamnati, shi kuma ya san ya yi shida a baya, albashin da zai karɓa bayan Janairun 2028 mene ne sunansa? Ni ba fatawa nake bayarwa ba. Tambaya nake, don abin da za a ciyar da iyali da shi ne.

Bala Akanta: Malam, da girmanka, mutumin nan ajiye aiki ya yi. Ya rubuta takarda, ya tafi kasuwa. Bai karɓi sisin kowa ba. Aiki zai yi a biya shi, ba zama zai yi a gida ba. Ina haramcin?

Malam Nura Zuba: Ban ce haram ba Bala. Na ce a tambaya kafin a ci.

Habu Mararaba: Gaskiya ne ban karɓi komai ba. Ban ma san ina da wani haƙƙi ba lokacin.

Baba Ɗan'azumi: Kana da shi mana. Shekara shida a jadawalin da aka gyara a 1992 giratuti ne kashi 108 na albashin shekara. Da ka bi ka karɓa a 1997, da ka ƙara bandir biyu na yadi a rumfa. Yau in suka ba ka, ko kuɗin motar Mararaba zuwa Sakatariya na wata guda ban ce ya isa ba. Amma rashin karɓar ya yi maka rana ta wani gefen, don wanda ya ci giratuti a wurin farko sai ya mayar kafin a ɗinke masa.

Barista Kabiru: Bari in shigo tsakanin Malam da Akanta. Ƙa'idojin aikin gwamnati ba su ce shekara 35 na kowane irin aiki ba. Sun ce shekara 60 da haihuwa, ko shekara 35 na aikin da ke da fansho, duk wanda ya riga zuwa. To a fahimtata, aikin da ka ajiye da hannunka, aka samu giɓi, ba a yafe giɓin ba, ba a haɗe ba, gwamnatin tarayya ba za ta biya ka ko taro a kansa ba. Ta yaya abin da ba za a biya ka a kansa ba zai zama hujjar sallamarka? Ba a cin tudu biyu. Ko a ƙirga a biya, ko a bari gaba ɗaya.

Hajiya Talatu: Barista, a kotu wataƙila ka yi nasara, kuma ni ma zan tafa maka. Amma ni ba a kotu nake zaune ba, a ofis nake, kuma ga abin da idona ya gani. Masu binciken ma'aikata ba su tambayar ko ka nemi maja. Suna tambayar: aikin can da ka yi, na dindindin ne mai fansho ko kuwa? In eh, sai su ɗauki biro. Akwai wani mataimakin darakta da muka yi aiki tare, mutumin kirki, ba ya cin na kowa. Ya yi koyarwa a jiharsu kafin ya shigo, bai taɓa kawo zancen ba. Ana saura masa shekara guda a lissafinsa, aka zo tantancewa. Wata yarinya cikin masu binciken, ba ta fi sa'ar 'yarsa ba, ta ga takardar shaidar ƙarin karatunsa an rubuta cewa hukumar ilimi ta jiha ce ta tura shi da albashi. Shi ke nan, allura ta tono garma. Ranar da takardar ta fito ya shigo ofishina ya zauna a kujerar baƙi, ya cire hula ya ɗora a gwiwa, yana ta juya ta. Na'urar sanyaya ɗaki na aiki amma gumi har ya jiƙa wuyan rigarsa. Aka ce ya zarce da wata 19, kuma za a cire albashin watannin daga haƙƙinsa. Abin da ya ce da ni kawai shi ne, "Hajiya, ai zuwa nake kullum." Kuma gaskiya ne, kafin takwas yana ofis. Na rasa abin da zan ce masa, sai na aika a kawo masa ruwa.

Maman Khalifa: Innalillahi. Allah ya rufa mana asiri.

Barista Kabiru: Da ya zo wurina da mun ja.

Hajiya Talatu: Da wane kuɗin zai ja, Barista? Mutumin da aka tsayar wa albashi, fansho bai fara ba? Kuma nasa ya ɗan bambanta da na Malam Habu, shi babu giɓi, ya bar can ranar Juma'a ya kama nan ranar Litinin. Shi ya sa ban yanke hukunci kan na Malam Habu ba. Abin da nake cewa shi ne ba a zauren nan za a yanke ba.

Isiyaku Direba: Ranku ya daɗe ku yi haƙuri in sa baki cikin manya. Ni abin dariya abin kuka. Na fara tuƙi a ma'aikatarmu 1995 a matsayin ɗan wucin gadi, ana biyanmu a hannu, mu sa hannu a takarda. Sai 2003 aka ba ni takardar dindindin. Shekara takwas ina kai manya filin jirgi da asuba, na kwana a mota a Lakwaja ya fi a ƙirga. Na rubuta takarda sau uku a ƙirga mini shekarun nan, aka ce babu takardar kama aiki, babu gazet, saboda haka a idon gwamnati ban fara aiki ba sai 2003. To ga ni ina roƙo a ƙirga an ƙi, ga Oga Habu yana gudun kada a ƙirga. Duniya ke nan.

Sani Kubwa: Kai, wannan ta taɓa ni. Baba Isiyaku Allah ya saka maka.

Bala Akanta: Amma Isiyaku ka duba ta ɗaya gefen, da an ƙirga da 2030 za ka tafi.

Isiyaku Direba: Oga Bala shekaruna 57. Sittin ce za ta kore ni, ba 35 ba. Ni ƙirgawar riba ce zalla, shi ya sa aka hana ni.

Bala Akanta: Na janye. Ka fi ni lissafi yau.

Hajiya Talatu: Isiyaku ya faɗi abin da ya kamata kowa ya fara dubawa kafin ya ɗauki biro: wace ce za ta riga zuwa, 60 ko 35? Wanda ya shiga aiki yana da shekara 25 daidai, tare za su iso. Wanda ya shiga a makare, shekarun haihuwa ne za su fitar da shi, to shi duk shekarar baya da aka ƙara masa ba ta rage masa komai. Wanda ya fara da ƙuruciya irin Malam Habu, shi ne maja ke yanka.

Maman Khalifa: To ni ku ji nawa, don mu mata abin ya fi cin mu. Na fara aikin jinya a wata jiha 1997. Aka yi wa maigida canji zuwa Abuja, na yi shekara uku ina bin hanya duk ƙarshen mako da goyo, har na samu aka karɓe ni a tarayya a 2009. Ban ajiye aiki ba, tiransifa na yi ta ƙa'ida, an sake ni da takarda, komai tsaf. Ranar kama aikina tana nan 1997, saboda haka 2032 zan fita. Amma shekara 12 da na yi a jiha fa? Can tsohon tsari suke, ba a buɗe mini asusu ba sai da na zo nan. Na tambaya a nan aka ce wannan nauyin jiharki ne. Na je jiha sau huɗu. Zuwan ƙarshe wani ya buɗe mini ɗakin fayil, ƙura har ta sa ni tari, ya ce in duba da kaina. Na samu nawa a ƙasan tari, bango ya yage, gara ta cinye gefen takardar kama aikina daidai wurin kwanan wata. Har yau ana dubawa. Wato an ƙirga mini shekarun wajen kora, ba a ƙirga su wajen biya ba.

Barista Kabiru: Maman Khalifa wannan naki shi ne ainihin shari'a. Sashe na 210 na tsarin mulkin 1999 ya kare fansho da giratutin ma'aikacin jiha, kamar yadda sashe na 173 ya kare na tarayya. Ba alfarma ba ce. Ki tabbata kina da kwafin takardar sakin da suka ba ki, kuma duk abin da za ki kai musu ki sa a buga miki hatimin karɓa a kwafinki.

Maman Khalifa: Ina da su Barista, har leda biyu. Maigida cewa yake na fi kula da ledar nan fiye da sarƙar gwal ɗina.

Baba Ɗan'azumi: Ki ci gaba da kula da ita 'yata. Ranar tantancewa gwal ba ya magana.

Sani Kubwa: Ni dai tambayata, ban da wasa yanzu. Mu da muka shigo bayan 2004, duk wannan rigimar ba ta shafe mu ba ko?

Hajiya Talatu: Rabi. Wajen kuɗi kun huta, asusunka naka ne, lambarka ɗaya, ko ka koma jiha mai irin tsarin, ko kamfani, yana biye da kai. Tun Nuwamban 2020 ma kana iya sauya kamfanin fansho sau ɗaya a shekara. Amma 35 tana nan tana jiranka. Kuma ka riƙa duba saƙon da ke shigowa, wata nawa aka zuba, wata nawa aka tsallake. A tsarinku watan da ba a zuba ba shi ne giɓi.

Sani Kubwa: Ni shekarata ta farko ma babu ko ɗaya a ciki.

Hajiya Talatu: To ka ga naka aikin. Ka bar wa Malam Habu kujerarsa ka je ka bi wannan.

Malam Nura Zuba: Abin mamaki, da Malam Habu ya zauna a aji da yanzu ba wannan zance ake ba. Dokar da Buhari ya sa wa hannu a 2022 ta kai malaman makaranta shekara 65 ko 40 na aiki.

Habu Mararaba: Malam kada ka tuna mini. Amma da na zauna a ajin nan da yunwa ta kashe ni kafin 2022. Kasuwar ma da na gudu cikinta ta ƙone a 2002, rumfar yayana har da ita. Allah dai ya yi zan ci abinci a Abuja.

Sani Kubwa: Farfesoshi 70, alƙalai 70, malamai 65, sojoji sun fice daga tsarin tun tuni. Mu ne dai 'yan bora.

Bala Akanta: Wannan wata muhawarar ce, kada ka ɓallo mana ruwa.

Hajiya Talatu: Malam Habu, shawarata ɗaya ce kuma ba ta da daɗi. Kafin ka yanke komai, je rajista, inda ake ajiye fayilolin ma'aikata, ka roƙi a nuna maka fayil ɗinka, ka buɗe shafukan farko. Fom ɗin da ka cike a 1998 ko 1999 yana da wurin da ake tambayar ayyukan da ka yi a baya. Ka ga me ka rubuta. Mutane na mantawa. Yaro mai neman aiki duk abin da zai ƙara masa kwarjini zubawa yake.

Habu Mararaba: Gabana ya faɗi. Wallahi ban tuna ba. Gobe in sha Allah.

Bala Akanta: Ni dai ina kan bakana. Kada ka je ka tayar da abin da ke barci.

Malam Nura Zuba: Duba fayil ɗinka ba tayar da komai ba ne, Bala.

Habu Mararaba: Salam jama'a. Na dawo daga rajista. Sai da na jira har bayan azahar kafin mai makulli ya zo. Fayil ɗin ya yi kauri, an ɗaure shi da igiya kore, hotona na shafin farko har da gashi. Shafi na huɗu, fom ɗin neman aiki, rubutuna ne da shuɗin biro: malamin aji, 1991 zuwa 1996. Har na ja layi a ƙarƙashi don a gani. Bayansa kuma ga takardar yabo da hedimasta ya rubuta mini, ni na liƙa ta da hannuna. Mai rajistar yana tsaye a kaina yana cin gyaɗa, ya ce, "Oga lafiya?" Na ce lafiya lau.

Sani Kubwa: Kai! Har da jan layi.

Bala Akanta: To. Kazar ma ashe a fige take.

Barista Kabiru: Wannan bai rushe maganata ba, ya ma ƙarfafa ta. Ba ka ɓoye komai ba. Sun gani tun 1999, suka ɗauke ka sabon ɗauka, suka rubuta ranar kama aikinka Janairun 1999. Babu mai cewa ka yi ƙarya.

Hajiya Talatu: Na yarda, kuma wannan babbar garkuwa ce. Amma tunda yana ciki, wani zai gani, ko yau ko ranar da PenCom, hukumar kula da fansho ta ƙasa, ta kira 'yan shekararku rajistar masu shirin ritaya, kuma gara ya zama kai ka fara magana. Ka rubuta ta hannun shugaban sashenka, kada ka ce kana neman maja, kada ka ce ba ka nema. Ka zayyana ranakun kamar yadda ka zayyana mana, ka roƙi a tabbatar maka da ranar ritayarka a rubuce. In suka ce 2032, ka adana takardar a ledar irin ta Maman Khalifa, babu mai cire maka kwabo daga baya. In suka ce 2028, to a nan sai ka bi maja da ƙarfinka, don kada a ƙirga maka su wajen kora kawai. Kuma ka ga kana da sauran lokacin shiri, ba a fafe gora ranar tafiya.

Bala Akanta: In suka ce 2028 ka zo mu zauna da biro, akwai lissafin karɓar kaso ɗaya a dunƙule da na wata-wata, kada kamfani ya zaɓa maka.

Habu Mararaba: Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Uwargida ta ce takardar ajiye aikin tana cikin akwatin ƙarfe a gidanmu na Jos, in beraye sun bar ta. Hajiya, ban da ita me zan nemo a can?

Hajiya Talatu: Takardar kama aiki ta 1991, ta tabbatarwa in an ba ka, amsar da suka ba ka ta karɓar ajiye aikin, da takarda daga ofishin ilimi na ƙaramar hukumar cewa ba a biya ka giratuti ba. Ta ƙarshen ce za ta ba ka wahala. Ka je ranar Talata ko Laraba, kada ka je Juma'a.

Baba Ɗan'azumi: Kuma ka yi kwafi uku-uku kafin ka miƙa wa kowa. Na asalin kada ya kwana a ofishin wani.

Isiyaku Direba: Oga in Talata ce ka fito kafin shida, kwanan nan hanyar Akwanga sai a hankali.